Yadda Na Zaga da Kawu Wuraren Kiɗan Landan da Fam Sittin

Ranar Laraba da daddare Mama ta kira ni daga Katsina. Bayan mun gaisa ta tambayi karatu, sai ta ce, "Kawunki yana Birmingham, ya je sunan jikansa. Ya ce ba zai koma gida ba sai ya ga inda kike zaune. Jibi zai taso. Ki kula da shi, kin dai san baƙonka annabinka." Na ce to, Allah ya kawo shi lafiya. Ina kashe wayar na duba asusuna na banki. Fam 63 ne da 'yan kwabbai, kuma sai bayan kwana tara za a biya ni kuɗin ɗan aikin da nake yi a wani kanti.

Duk ɗalibin da ke ƙasar nan ya san wannan lissafi. Biza ba ta yarda ka wuce awa 20 kana aiki a mako ba muddin ana zangon karatu, mai gidan haya ba ya jira, abin da ake turowa daga gida kuwa, a lokacin da fam ɗaya ya haura naira dubu biyu, sai ya zama kamar an zuba ruwa a kwando. Kuma wannan baƙo ba kamar kowa ba ne. Kawu ne ya biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare a shekarar da Baba ya rasu. Ba mutumin da zan ajiye a ɗaki in kunna wa talabijin ba ne, ba kuma wanda zan buɗe baki in ce masa ba ni da kuɗi ba ne.

Abu ɗaya ya kwantar mini da hankali: na san abin da Kawu yake so. Tsohon hedimasta ne, rediyo ba ta barin gefen tabarmarsa, kuma har yau yana da akwatin kaset ɗinsa, Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, kowanne da sunansa a rubuce da jan biro. In ya ji kalangu ko daga nesa ne, kafin mawaƙi ya buɗe baki zai faɗa maka wace waƙa ce ke tafe. Ni kuma, ba da niyya ba, na shafe hunturu guda ina koyon inda ake jin kiɗa a Landan ba tare da an taɓa aljihu ba.

Yadda abin ya faro ba daɗin faɗi. A watan Disamba rana kan faɗi a nan kafin ƙarfe huɗu na yamma. Nakan yi kwana biyu ko uku ban yi magana da kowa ba in ba ta waya ba, daga ɗaki sai ɗakin karatu, daga ɗakin karatu sai ɗaki. Wata rana ruwa ya tare ni a bakin kogin Thames, na faɗa cikin ginin Royal Festival Hall don in fake. Sai na tarar da wasu matasa suna kiɗa a wani fili a tsakiyar ginin, mutane zazzaune, wasu da jarirai, wasu da kwamfutocinsu, wani tsoho yana gyangyaɗi. Na samu kujera na ɗosana, ina jiran wanda zai zo ya ce ina tikiti. Awa guda babu wanda ya ko dube ni. Daga baya na ji cewa an gina zauren a 1951, kuma tun 1983 aka buɗe harabarsa ga kowa da rana, ko ka zo kallo ko ba ka zo ba. Akwai ɗumi, akwai wurin zama, akwai banɗaki, uku ke nan daga abubuwan da Landan ba ta cika bayarwa kyauta ba.

Daga ranar na shiga bincike. Ruwa ba ya tsami banza, kiɗan kyautan nan akwai masu biyan kuɗinsa: wani wurin harajin jama'a ne, wani wurin masu hali ne suka ba da gudummawa, wani wurin kuwa ku da kuka zo sauraro ku ne kuke yi wa makaɗan alfarma. Manyan makarantun koyon kiɗa na birnin, wato Royal Academy of Music da ke titin Marylebone, wadda aka kafa a 1822, da Royal College of Music a South Kensington, da Guildhall a gefen Barbican, da Trinity Laban a Greenwich, duk suna da ɗalibai da dole su saba da tsayawa gaban jama'a kafin su kammala. Saboda haka a lokacin zangon karatu kusan kowane mako akwai wasa, da yawa kyauta, wasu a kan 'yan kuɗi kaɗan, galibi da rana tsaka ko da yamma. Zauren Wigmore Hall, wanda manyan gwanayen duniya ke zuwa, yakan ware tikitin fam 5 a wasu wasannin ga waɗanda ba su kai shekara 35 ba. A watan Nuwamba, lokacin bikin kiɗan jaz na Landan, akan yi wasanni da dama ba kuɗin shiga.

Bari in faɗi abu biyu tun da wuri. Wanda ya riƙi fatawar cewa kiɗa haramun ne, ba da shi nake ba, ban kuma zo jayayya ba. Na biyu, mafi yawan kiɗan araha a garin nan a mashaya ake yin sa, ni kuwa ba na shiga. Duk wuraren da zan ambata wurare ne da mace za ta je ita kaɗai da hijabinta, ta zauna ba wanda ya dame ta, ta koma gida kafin dare ya yi nisa.

Kawu ya sauka a tashar manyan motoci ta Victoria da hantsin Juma'a, ƙarshen watan Agusta, cikin babbar riga ruwan toka da 'yar jaka ɗaya. Ban bari ya huta ba, don fadar Buckingham tafiyar minti goma sha biyar ce daga nan, kuma ranar akwai canjin masu gadi. Ba kullum ake yi ba, sai an duba jadawalin sojoji kafin a fito, amma in ana yi, wajen ƙarfe 11 ne. Shawarata kada ka je bakin ƙofar fada inda 'yan yawon buɗe ido ke turereniya, ba abin da za ka gani sai ƙeyar mutane da wayoyinsu. Ka tsaya a barikin Wellington da ke gefe, inda 'yan badujala ke taruwa su yi busa kafin su fita. Nan muka tsaya, shingen ƙarfe kawai ke tsakaninmu da su.

Kawu ya ƙura musu ido, jajayen riguna da dogayen huluna baƙaƙe masu gashi kamar an kifa musu turmi. Ya yaba yadda ƙafafunsu ke sauka tare. Ya tuna mini cewa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya zo ƙasar nan tun 1921, don haka mu ba baƙi ba ne a wannan ƙofa. Da muka biyo bayansu zuwa gaban fada sai ya ce, "To ina Sarkin? Ta ina zai leƙo?" Na nuna masa tutar da ke saman ginin, na ce in Sarki yana ciki tutarsa ta sarauta ake ɗagawa, wannan kuwa ta ƙasa ce, kuma a watan Agusta sarakunan Ingila sun saba tafiya hutu Balmoral a Sikotilan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato duk wannan busa, gidan da ba mai shi ake yi wa?" A wajensa wannan ba ƙaramin abin mamaki ba ne. A gida ba a busa kakaki sai don sarki, tambari ba ya tashi haka kawai, kowace busa tana da wanda take kira da abin da take ce masa.

Sallar Juma'a muka yi a babban masallacin Regent's Park, wanda aka kammala a 1977. Daga nan zuwa Abbey Road tafiyar ƙafa ce ta kamar minti ashirin, ta gefen filin wasan kurket na Lord's. A nan sai in tona wa kaina asiri don wani ya tsira. A watana na farko na ga wata tashar jirgi mai suna Abbey Road kusa da unguwarmu a gabashin Landan, tsakanin West Ham da Stratford, na yi murna cewa shahararren titin nan maƙwabcina ne. Na sauka na yi ta zagaye tsakanin gidaje ban ga komai ba. Ashe suna ne ya zo ɗaya. Na ainihin yana arewa maso yammacin birni, tashar St John's Wood ake sauka. Masu yin wannan ɓatan kai sun yi yawa har sai da aka kafa musu allo a waccan tashar.

Abin da ake zuwa gani bai wuce wurin tsallaka titi mai fararen layuka ba, inda mawaƙan Beatles su huɗu suka ɗauki hoton bangon faifansu a 1969. A 2010 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi da doka ke karewa, amma har yau titi ne da motoci ke bi, direbobi na ta haƙuri da masu tsayawa ɗaukar hoto. Situdiyon da ke gefe, wanda aka buɗe a 1931, ba a shiga, sai dai ka karanta rubuce-rubucen da masoya ke yi a katangarsa. Kawu bai san Beatles ba, bai kuma nuna yana son saninsu ba. Sai da na ce masa Fela ma a wannan gini ya naɗi waƙoƙi a 1971, har da wanda ya yi tare da Baturen makaɗin ganga Ginger Baker, sannan ya gyara tsayuwa. Na ƙara masa da cewa a Landan Fela ya koyi kiɗa, ya zo a 1958 ya shiga Trinity College of Music, wadda ita ce yau ta koma Trinity Laban. Ya ce, "Mai rigima da sojoji? To ɗauke ni." Ya tattara babbar rigarsa ya tsallaka a natse kamar mai shiga zauren hakimi. Wasu 'yan Japan da ke jiran layi suka bar abin da ya kawo su suka koma ɗaukarsa.

Wurin da ya fi taɓa shi a ranar ba ya cikin kowane littafin 'yan yawon buɗe ido. A hanyarmu ta zuwa bakin kogi na bi da shi ta Aldwych, na tsayar da shi gaban wani tsohon gini mai manyan ginshiƙai, na ce, "Kawu, ga Bush House." Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, kuma daga wannan gini muryoyin suka riƙa fita har 2012 da aka tashi. Yanzu jami'ar King's College ce ke amfani da shi. Kawu ya daɗe yana kallon ƙofar. Can ƙasa-ƙasa na ji ya ce, "London take kira." Ya ba ni labarin rediyon mahaifinsu, kakana, da ake fitowa da ita zaure bayan magariba, manya a gaba yara a baya, ba mai tari. Ya ce duk tsawon shekarun nan yana zaton wani dogon bene ne da eriya har sama. Hoton da na ɗauke shi a nan shi ne kaɗai ya ce in tura wa 'yan majalisarsu nan take.

Muka haye gadar Waterloo zuwa kudancin kogi. Da yamma a lokacin zafi wannan gaɓar takan zama kamar dandali: mai jita a nan, mai fiyano a can, wasu yara na rawa a gaba. Yawancinsu da izini suke yi. Ko a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, tun 2003 sai an gwada ka an ba ka lasisi kafin a ba ka wurin tsayawa. Muka tarar da wani bawan Allah daga yankin Senegal da Gambiya yana kaɗa kora, wata babbar molo mai ƙoƙon duma da tsirkiya 21. Kawu ya tsaya cak. Bayan ɗan lokaci na ga ya sa hannu a aljihu yana matsawa gaba, na gane liƙi zai yi. Na raɗa masa cewa a nan ba a manna wa mutum kuɗi a goshi, kuma takardar kuɗi mafi ƙanƙanta fam 5 ce, sama da naira dubu goma ke nan a lokacin. Sauran duk kwabbai ne, su kuwa ba sa zama a goshi. Na nuna masa 'yar na'urar POS da makaɗin ya ajiye a gabansa, wadda ake ɗora mata kati. Kawu ya dube ta a wulaƙance. Ya zaro naira 500 sabuwa fil ya ajiye a cikin akwatin korar da hannu biyu. Mutumin ya duba, ya yi dariya, ya ce "Najeriya!", ya juyo da korar wajen Kawu ya ƙara mata wuta.

A bas muna komawa gida na yi ta tunanin wannan. Mu a gida ba mu taso muna biyan kuɗin ƙofa don mu ji kiɗa ba, sai fa wasan da aka shirya a sinima ko otal. A biki, a suna, a hawan sallah, a kalankuwa, ubangida ne ke ɗaukar nauyin makaɗi, kowa kuma ya sha kiɗa, mai hali ya yi kari, marar hali ya ba da kunne. Da na zo Landan na ɗauka kiɗa na masu kuɗi ne, don abin da ake tallatawa ke nan. Burna Boy ya cika filin wasa na London Stadium a 2023, ya sake dawowa a 2024, filin nan kuwa ba nisa da ɗakina, amma iyakata kallon jama'a suna wucewa da adonsu, tikiti ɗaya ya kai cefanen makonni. Ashe a ƙarƙashin wannan Landan akwai wata, mai tafiya a kan tsari irin namu: wani ya biya, kai ka zo ka ji, in kana da abin bayarwa ka bayar.

Na bar wa Kawu ɗakina na kwana a na maƙwabciyata. Da safe na duba wayata na kama mana tikitin dare, sannan muka nufi Forest Hill a kudu maso gabas, gidan tarihi na Horniman. Wani attajirin ganyen shayi, Frederick Horniman, shi ya gina shi aka buɗe a 1901, shiga kyauta ne. Akwai zaure guda na kayan kiɗa zalla, sama da dubu ɗaya a baje cikin gilashi daga kowace kusurwa ta duniya, da tebura inda za ka danna hoton abu ka ji sautinsa. Kawu ya hango wata ganga mai siririn ƙugu da igiyoyi a jiki, ya ce, "Ga kalangu!" Muka matsa muka karanta, ashe daga gabashin Asiya take. Wannan ya ba shi aiki. Ya bi layin gangunan ɗaya bayan ɗaya yana neman danginsu, ya bi na busa yana neman dangin algaita, ya same su har a Indiya da Turkiyya. Awa biyu muka yi a zaure ɗaya.

Amma da muka fito lambu muka zauna, ga birnin Landan shimfiɗe a ƙasanmu, sai ya ce abin ya ɗan ba shi tausayi. "Ganga in ba ta hammata, ai gawa ce. Wa ya san mai ita? Wa ya san wa take yi wa kirari?" Ya tambaye ni ko saya aka yi ko ƙwacewa. Na ce kowanne da tarihinsa, akwai na saye akwai na ganima, kuma wannan gidan tarihin da kansa ya miƙa wa Najeriya mallakar kayan Benin guda 72 a 2022, waɗanda sojojin Birtaniya suka kwasa a 1897. Ya ce to madalla, saura sauran.

Daga nan bas ɗaya ya kai mu Peckham. A titin Rye Lane ba ka bukatar kowa ya shirya maka wasa, kiɗan Legas na fita daga shagon aski, na coci daga wani bene, ga ƙamshin busasshen kifi da manja. Muka sayi tsire, Kawu ya ɗanɗana ya ce ƙuli-ƙulin bai ji ba.

Tikitin da na kama da safe na Proms ne, jerin wasannin kiɗan Turai da BBC ke shiryawa a zauren Royal Albert Hall na tsawon mako takwas, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Satumba. An fara shi tun 1895 da nufin talaka ma ya samu shiga, kuma har yau kowace rana ana ware wuraren tsayuwa kusan dubu da ake sayarwa a intanet da safiyar ranar. Fam 8 muka biya kowannenmu, alhali na kan kujera a ƙasa sun biya ninkin-ba-ninkin haka. Wuraren tsayuwar iri biyu ne, akwai na tsakiyar fili gaban makaɗa, akwai na can ƙololuwar bene. In kana tare da dattijo ka zaɓi na sama, don a can mutane kan zauna a ƙasa, wasu har su miƙe. Kawu ya naɗe ƙafa ya jingina da bango kamar a ƙofar gida.

Zauren, wanda Sarauniya Victoria ta buɗe a 1871, yana cin mutum sama da dubu biyar, amma da madugun makaɗan ya ɗaga 'yar sandarsa sai ka ce ba kowa. Wannan shirun ne ya fara ba Kawu mamaki, ba kiɗan ba. Masu gogen Turawa sun fi talatin, kambunansu na hawa da sauka tare. Da aka kai wata gaɓa aka tsaya, ya ɗaga hannu zai tafa, na riƙe masa hannun riga, don a al'adarsu ba a tafi sai an kai ƙarshen kiɗan gaba ɗaya. A lokacin hutu, bayan mun samu wani lungu mun yi magariba, ya jero mini tambayoyi. Ina 'yan amshi? Ina sanƙira? Me ya sa kowa ke kallon takarda, ba su haddace ba ne? Sannan babbar tambayar: "Wannan kiɗa wa aka yi wa shi? Ba shi da ubangida?"

Na ce da can yana da shi. Handel, Bajamushen da ya zauna a Landan, ya tsara wa Sarki George na ɗaya kiɗa a 1717, aka zuba makaɗa a jirgin ruwa suna bin jirgin Sarki a kan Thames suna yi masa. Gidansa na nan a lamba 25 titin Brook, kuma a gida na gaba, lamba 23, mai jitar nan na Amurka Jimi Hendrix ya zauna a 1968. Shiga ciki da kuɗi, amma karanta shuɗɗan allunan da ke bangon kyauta ne. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe makaɗin fada ne. Narambaɗansu ke nan." A rabi na biyu bai ƙara tambaya ba. Akwai inda ganguna da ƙahoni suka taso gaba ɗaya har ƙasan benen na rawa, na waiga na ga ya lumshe ido yana buga yatsa a gwiwa. Da muka fito dai ya ce kiɗa ne mai kyau, sai dai ba a ce komai ba. Ban yarda da shi ba gaba ɗaya, don ni a hunturun nan irin wannan kiɗan da ba ya cewa komai shi ya fi yi mini magana. Amma ba a musu da kawu a titi.

Ranar Lahadi ban yi niyyar kai shi bikin Notting Hill ba. Shi ya ce ya sha jin labarinsa a rediyo, gani ya kori ji. Bikin na mutanen Karebiyan ne, ana yin sa Lahadi da Litinin na ƙarshen Agusta, kyauta, kuma mahalarta kan haura miliyan. Tushensa ba wasa ba ne. A 1958 wasu gungun Turawa suka riƙa kai wa baƙaƙen fata hari a unguwar, sai wata 'yar gwagwarmaya haifaffiyar Tirinidad, Claudia Jones, ta shirya biki a cikin zaure a Janairun 1959 don mutanenta su ɗaga kai. A tsakiyar shekarun 1960 ya fito titi. Lahadi ita ce ranar yara da iyali, mun je da wuri, muka tsaya a gefe. Abin da ya kama Kawu shi ne gangunan ƙarfe na Tirinidad, waɗanda ake ƙerawa daga durom ɗin mai, a bubbuge gindinsa har kowane gurbi ya ba da sautinsa. Ya ce wanda ya mayar da durom abin kiɗa ɗan uwan matan da suka mayar da ƙwarya abin kiɗa ne, Allah ya ji ƙan Barmani Choge. Da rana ta ɗaga, jama'a suka ƙaru, tufafi suka ragu, sai Kawu ya sa idonsa a kan takalminsa ya ce, "Ɗiyata, mun gani." Ni ma dama kunya ta gama rufe ni. Wanda zai je ya je da safe, ya riƙe wayarsa da kyau, ya fita kafin la'asar, don cunkoson ba na wasa ba ne, kuma akan samu rigima har da zubar da jini a wasu shekarun.

Akwai abubuwan da ban samu nuna masa ba. Bikin sallah da ake yi a dandalin Trafalgar bayan azumi, kyauta, da mawaƙa da abinci. Shagon faifai na Honest Jon's a titin Portobello, waɗanda suka sake fito da tsofaffin waƙoƙin 'yan Afirka ta Yamma da Karebiyan da aka naɗa a Landan. 'Yan uwanmu Kirista kuma su sani cewa addu'ar yamma da ake rerawa a Westminster Abbey da St Paul's ba a biyan kuɗi, alhali shiga yawon kallo a wuraren yana da tsada.

Jirginsa daga Euston zai tashi, ɗansa ya riga ya saya masa tikiti, don haka muka ƙarasa sauran lokacin a babban ɗakin karatu na ƙasa, British Library, da ke kan titi ɗaya da tashar. A zauren kayan tarihinsu, shi ma kyauta, akwai rubutun hannun Handel da 'yan takardun da Beatles suka fara zana waƙoƙinsu a kai. Suna da taskar sauti mai ɗauke da abin da ya haura miliyan shida, katin shiga ɗakin karatun kuma ba a biya. Na gaya wa Kawu cewa akwai wani ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971, da sunayen ganguna da na makaɗa da lokutan da ake kowane kiɗa. Ya ce in nemo in duba masa ko sun san bambancin kotso da taushi.

A tashar St Pancras da ke maƙwabtaka akwai fiyano a tsakar hanya, kowa na iya zama ya kaɗa. Ɗaya daga ciki Elton John ne ya ba da ita kyauta a 2016. Mun tarar da wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba tana kaɗawa, jakar goyonta a ƙasa, uwarta na duba agogo. Ba akwati a gabanta, ba POS. Kawu ya saurara har ta gama, ya tafa shi kaɗai, ya dube ni ko wannan karon ma ya yi laifi. Na ce a'a.

Lissafina a daren: fam 16 na Proms, fam 12 na tsire da ruwa, wajen fam 26 na mota, don a Landan abin hawa ne ke cin kuɗi ba kiɗa ba. Bas fam 1.75 ne, in ka sake hawa wani cikin awa guda ba a ƙara cajinka, shi ya sa na fi bin sa a kan jirgi. Allah ya taimake ni ɗansa ya haɗo Kawu da katin Oyster da kuɗi a ciki. Abinci kuwa tuwo da miyar kuka na yi mana a gida. Saura fam 9, kwana biyar kafin albashi.

A bakin jirgi ya kira Mama a gabana, ya ce mata na kai shi fada, na kai shi gidan rediyo, na kai shi wani zaure da ya fi filin sukuwa cika. Ina jiyo muryarta tana tambayar ina na samu kuɗin duk wannan. Ya ce, "Ke dai ki sa mata albarka." Ya kashe wayar, ya kama hannuna ya danna mini wani abu a tafi, takardar fam 20 a nannaɗe. Na ce, "Haba Kawu, ku da kuke baƙo." Ya ce, "Tun ranar Juma'a kike hana ni liƙi. Wannan ba a goshi na sa ba." Ya ɗauki jakarsa ya shiga.